Jar Fata a Wuyan Ɓera

Ɗiyata ta fari, wadda bakina bai taɓa kama sunanta ba, ta yi aikin buga takardu a wata ma'aikatar gwamnati nan Yamai tun tana da ɗanyen jini har furfura ta fara leƙo mata ta gefen kallabi. A biron nan nata, wato ofishinsu, babu abin da ba a canza ba. An canza darakta, an canza labule, an sauke hoton mai mulki an rataya na wani a ƙusa ɗaya, an ɗauke injin da take aiki da shi an kawo sabo, wanda su suke ce wa ordinatar, masu rediyo kuma su ce kwamfuta. Abu ɗaya ne ya ƙi tafiya, ɗan abin nan mai doguwar wutsiya da ake turawa da tafin hannu, wanda suke kira ɓera.

Ni ban yi lakwal ba, wato boko, ban kuma san abin da ake gani a cikin gilashin injin nan ba. Amma na san kaya. Na san tukunyar da za ta kai jika da wadda za ta fashe kafin amarya ta saba da murhu. Ranar da na fara ɗaukar ɓeran nan na ji nauyinsa a hannuna, na ce wanda ya ƙera wannan yana da tsoron Allah, ko da ba a taɓa yi masa wa'azi ba.

Ɓeran ya zo gidanmu na unguwar Talladje ne a zamanin sojan farko da ta yi aiki a ƙarƙashinsa, lokacin da albashi ke zuwa kamar baƙon da ba a san ranarsa ba. Wutsiyar ce ta tsage daidai wuya, inda take shiga jikin, har ana hango 'yan wayoyi masu launi a ciki. Ta je wurin mai ajiyar kayan ma'aikata, ya ce babu sabo, sai dai ta jira. Duk wanda ya taɓa jiran gwamnati ya san me aka faɗa mata. Sai ta sako shi a jaka ta zo da shi gida, ta zauna a gindin dogon yaro tana jujjuya shi kamar mai jinyar ɗan tsako.

Ta ce, "Inna, in wayar nan ta ida tsinkewa, hannuna ne ya tsinke."

Na ce, "Miƙo."

"Ba abin wasa ba ne, kayan gwamnati ne."

"Ni ma ba da wasa na haife ki ba. Miƙo."

Marigayi mijina baduku ne a Damagaram, kuma wadda ta zauna kusa da baduku shekara da shekaru ba ta tashi hannu wofi. Na yanko siririyar roba daga tsohon cikin tayar keke, na naɗe wurin tsagar tamau. Na buɗe akwatin marigayin na samu ragowar jar fatar akuya, na rufe robar da ita, na ɗinke. Sai dai hannu abin da ya saba shi yake yi. Yawancin aikin mijina ɗinke layu ne da malamai ke aiko masa, kuma ɗinkin nan kaɗai na koya. Da na gama sai ga wani ɗan ƙulli mai kusurwa huɗu a wuyan ɓera, ja jawur, bai fi dabino girma ba.

Ta yi dariya ta ce, "Inna, kin mayar da shi jaririn ƙauye."

Na ce, "In ba ki so, warware."

Ba ta warware ba. Ta mayar da shi biro ya ci gaba da aiki.

A cikin cikinsa akwai wata 'yar ƙwallo mai nauyi, ita ce ƙafarsa. Idan datti da gumin hannu suka taru sai ya fara gardama, a tura shi gabas ya yi yamma. Sai ta kifa shi, ta murɗa marfin, ta fidda ƙwallon ta wanke, ta kankare cikin da tsinken tsintsiya, ta mayar. Abin da yake nema ke nan a duniya. Bai taɓa neman ƙari ba.

Sauran ɓerayen biron kuwa sun zo sun tafi. Duk daraktan da aka naɗa, abin da yake fara yi shi ne sayayya, kafin ma ya san inda ake alwala. Sai a shigo da sabbi cikin kwali, masu jar wuta a ƙarƙashi, marasa nauyi kamar ɓawon gyaɗa. Wani ya yi damina ɗaya, wani ko azumi ba ya gani. Ita takan karɓi nata ta gode, ta jefa a aljihun tebur, ta ci gaba da tsohon.

Bayan sayayya sai tashin mutane. Kowane darakta yana da ɗan ƙanwa da ƙanwar mata, kuma kujeru ba sa haihuwa. Aka yi ta tura na da can cikin ƙasa, ita tana zaune. Ni na san dalili. Tana riga mai shara isowa, ba ta zaman gulma, takardarta ba ta dawowa gyara, kuma teburinta yana lungun da babu taga, kusa da ban ɗaki, inda ko ɗan ƙanwar darakta ba zai yi sha'awa ba. Amma wannan dalili yana da nauyi, don duk wanda ya yarda da shi sai ya fara sammako. Jar fata ta fi sauƙin ɗauka.

Sannu a hankali mutanen biro suka daina taɓa ɓeran. Mai shara yakan goge teburin ya kewaye shi kamar yadda ake kewaye kabari. Wata abokiyar aikinta ta zo har gida gaishe ni da goro da sabulu, ta zauna tana ta yabon tsufana, tana kallon hannuwana. Na ci goron, na yi wanka da sabulun, na sa mata albarka. Ba ta tambaya ba, ni kuma ba na amsa tambayar da ba a yi ba.

Sai shekarar nan ta zo da ruwan sama ya ɗauke, gero yana tsakiyar fidda kai. Mai mulkin lokacin ya ce babu yunwa a ƙasa, wanda ya ce akwai maƙiyi ne. Wata rana da tsakar rana muka ji harbi daga wajen fada, kafin dare sojoji sun hau. Su kuma suka ce akwai yunwa. Mun gode musu da gaskiya, amma tukunyata ba ta ji bambanci ba.

Zafi na kamawa ƙanena ya iso daga ƙauyenmu na arewacin Damagaram, da matarsa, da 'ya'yansa, da matar wanmu da ya rasu da nata 'ya'yan. Ya sayar da shanunsa a farashin da ya ƙi faɗa mini, sun ci anza, abincin daji na lokacin yunwa, har bakinsu ya daina jin ɗacinta. Gidan da muke mu kaɗan ya koma kamar tasha. Mijin ɗiyata ya riga mu gidan gaskiya tun da daɗewa, saboda haka duk bakin nan albashinta suke kallo, da ɗan abin da take samu idan ta tashi aiki ta buga wa ɗaliban jami'a takardunsu. Da safe kunu, da rana dambun zogale, gari kaɗan ganye da yawa, da dare abin da Allah ya hore. Ba ƙoshi ake yi ba, amma ba wanda ya kwana da ciki wofi.

A cikin haka aka kawo sabon darakta. Ba soja ba ne, amma ƙanwarsa tana auren wani mai tauraro a kafaɗa, wanda a lokacin ya fi kowace takardar shaida. Gidansa a unguwar Banifandu ta masu hali, turarensa yana riga shi shiga biro. Ya zagaya ya ce wurin ya yi kama da ɗakin tsohuwa, zai yi shara. Ya kawo sabbin ɓeraye marasa wutsiya ko kaɗan, ya kuma sa aka san cewa duk waɗanda suka daɗe za a tura su cikin ƙasa. Ita an ce can gabas za a kai ta, wajen tafki, tafiyar da mota ke kwana a hanya.

Ta dawo gida ta zauna ba ta cire takalmi ba. Ba sai ta yi mini bayani ba. A can babu ɗaliban jami'a, kuma albashi ɗaya ba ya hura wuta biyu. In ta tafi kafin kaka, mutanen nan da ke kwance a tsakar gidana sai su koma inda suka gudo, ko su shiga gari da ƙoƙo.

Ƙanena ya ce, "Yaya, a je wurin malam."

Na ce, "Da wane gero za a biya malam? Ke tashi ki yi salla, ki goge zanen gobe."

Ranar Asabar bayan la'asar wata baƙar mota ta tsaya a bakin lungunmu, don ba ta iya shigowa. Daraktan ne da kansa, shi kaɗai, yana ɗaga babbar rigarsa kada ta taɓa kwata. Ɗiyata ta rasa inda za ta sa kanta. Na sa aka shimfiɗa masa tabarmar baƙi, ya zauna, yaran ƙanena suka jeru jikin bango suna kallon takalminsa.

Ya ce, "Sannu da gida, Hajiya."

"Ban je ba tukuna. Inna ta isa."

"Allah ya nufa, Inna. Allah ya kawo mana damina mai albarka."

"Amin. Ku ne kuka ce akwai yunwa, ga ta nan jikin bango, ku gaisa."

Ya dube su ya yi murmushin da ba shi da wurin zama. Ya tambayi ƙafata, ya tambayi Damagaram, ya ce kakarsa ta wajen uwa ma can take. Na bar shi ya gama zagayensa. Ɗiyata ta kawo ruwa ta koma ta tsaya bakin ƙofar ɗaki.

Ya rage murya ya ce, "Na ga wani ɗan aiki a kan teburin madam. An ce hannunki ne."

"Hannuna ne."

"An kuma ce duk daraktan da ya yi niyyar tashinta, shi ne ya tashi."

"Ranka ya daɗe, akwai daraktan da bai tashi ba?"

Bai ji wannan ba, ko kuma ya ji ya ajiye a gefe. Ya ce, "Me ke ciki?"

"Robar keke."

Ya yi 'yar dariya. "Sai me?"

"Sai waya."

"Inna, ni ɗan gida ne. Kakata ma haka take amsawa in an tambaye ta."

"Kakarka ta taɓa ɗinke waya?"

Ya girgiza kai yana jin daɗi, kamar wanda ya zo sayen doki ya tarar da mai shi ya iya ciniki. Na lura da wani abu tun ina yarinya, in ka faɗa wa babban mutum gaskiya tsirara, sai ya yi ta leƙa bayanta yana neman inda ta ɓoye rigarta.

Ya ce, "Ina son irinsa."

"In naka ya tsage ka kawo."

"Nawa ba shi da wutsiya."

"To me zan ɗaure?"

Ya gyaɗa kai a hankali. "Wato sai mai wutsiya."

Gaskiya ne kuwa, sai mai wutsiya.

Ya ce, "To wancan ɗin fa? Ai kayan ma'aikata ne, kuma ma'aikatar a hannuna take."

"In naka ne, me ya kawo ka Talladje da wannan rana?"

"Kin fi ni sani, Inna. Irin wannan in ba a bayar da hannu ba, ba ya zama."

Na dubi ɗiyata. Fuskarta ta nuna mini ta fi son a ce ta ba da zobenta. Na dubi yaran da ke jikin bango. Na ce masa, "Ɗauki. Amma ka sani, abin nan hannu ɗaya ya sani tun zuwansa. In ya kwana biyu ba ta duba shi ba, ƙafarsa ɗaurewa take yi, ka tura shi gabas ya yi yamma."

Ya ɗago. "Wato sai tana kusa."

"Ni dai abin da na gani na faɗa maka."

Ya tashi ya durƙusa har ƙasa ya yi mini sallama, gaisuwar da ban samu ba da ya shigo. Da motar ta tafi, ƙanena ya fito daga inda ya laɓe yana riƙe da ciki don dariya.

"Yaya, ashe haka kika iya?"

"Me na iya? Nuna mini ƙarya ɗaya a cikin abin da na faɗa."

Ya ƙirga da yatsunsa bai samu ba, ya koma ya zauna.

Ɗiyata kuwa ba ta yi dariya ba. Ran Litinin ta cire ɓeran da hannunta ta kai masa, ta dawo gida idonta ja. Na ce mata mace mai 'ya'ya ba ta kuka a kan roba. Ta ce ba zan gane ba. Na gane sarai, ni ma ina da muciyar da ko ita ba na ba ta aro, amma ba ranar lallashi ba ce.

Sharar ta zo kamar yadda aka faɗa. Mutanen kirki da na banza duka aka kwashe, har da mai goro da sabulu. Ita kuwa aka ɗauke teburinta daga lungun ban ɗaki aka dasa shi a bakin ƙofar darakta, ga taga, ga sanyin na'ura yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Shekarun da ta yi tana sammako ba su ba ta taga ba, robar keke ta ba ta.

Aka ba ta sabon ɓera mara wutsiya. Wannan kuma cin pil yake yi, wato batir, kamar shi ma daga ƙauye ya zo, in ya ƙoshi ya yi aiki, in ya ji yunwa ya kwanta a tsakiyar takarda. Kafin watan ya mutu ya faɗo daga tebur sau ɗaya, bai sake tashi ba. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda ta tara, shi ma ya yi abin da zai iya.

Tsohon kuwa yana can ciki yana hidimar manya. Ta ce mini daraktan ba ya buga komai da injinsa, karta kawai yake jerawa a gilashi tsakanin baƙo da baƙo. Duk da haka datti ba ya tsoron muƙami. Duk bayan 'yan kwanaki sai ɓeran ya fara gardama, sai ya kira ta a rufe ƙofa. Ta kifa shi, ta fidda ƙwallo, ta zaro tsinken tsintsiya daga jaka. Shi kuma sai ya juya baya ya tsaya a taga, hannuwa a baya, don kada idonsa ya ga abin da bai kamata ba. In ta gama ya gwada ya ga ya miƙe, sai ya ce, "A gaida Inna."

Wata rana ya tambaye ta ko akwai abin da abin ba ya so. Ta ce ba ya son maiƙo, ba ya kuma son a ja shi ta wutsiya. Daga ranar ya daina cin nama a biro. Da ta faɗa mini na ce ashe jinina ne ke jikinta.

Ruwa ya sauka, ya ma wuce yadda aka roƙa, har kogi ya shiga gidajen mutane. Ƙanena da mazan da suka tasa suka koma da iri a buhu, matan da ƙanana suka zauna wurina har gero ya nuna. Ranar da muka raka na ƙarshensu tasha na ƙirga kawuna a raina, yadda suka zo haka suka koma, har da ƙarin jaririya ɗaya. Ɗiyata ta wuce biro daga tashar, ta ma makara a karon farko, ba wanda ya ce mata uffan.

Sojoji suka yi abin da suka ce, suka ba farar hula mulki suka koma bariki. Ba a daɗe ba aka sauke daraktan kamar yadda aka sauke na gabansa. Ya kwashe komai, har labulen da ya saya, bai yi wa kowa sallama ba. Da ɗiyata ta shiga gyara ɗakin sai ta tarar da ɓeran a kan tebur. An bi ɗinkina da reza an buɗe fatar, baƙar roba tana leƙowa.

Ko ya buɗe kafin a sauke shi ne, ko bayan labari ya iso masa, babu wanda ya gani. Amma mutanen biro ba su yi gardama a kai ba. Kafin azahar kowa ya san cewa ya buɗe abin da aka hana shi buɗewa, shi ya sa.

Ta kawo shi gida a jaka kamar farko. Idona ya riga ya yi rauni, sai da ta zura mini zaren. Robar tana nan yadda na naɗa ta, ko motsi ba ta yi ba. Na buɗe akwatin marigayi na ɗauko ragowar jar fatar.

Ta ce, "Inna, wannan karon ki sa baƙin ƙyalle, ki yi masa ɗinki irin na kowa. Na gaji da kallon da ake yi mini."

Na ce, "An naɗa sabon daraktan?"

"An naɗa. Ran Litinin zai fara."

"Yana da ƙanwar mata?"

Ta turo mini ɓeran gabana.

Na ce, "Ni ɗinki ɗaya na iya. Riƙe mini nan."

Ta sa yatsa ta riƙe, na ja zaren.